Likita Mila na Birnin Zariya

Wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Galadima, ya bi lunguna da ƙafa, zai tarar har yanzu akwai sauran gidajen ƙasa masu zaure da soro, ko da ya ke bulo da kwano suna ta cinye su kowace shekara. Na bi ta nan da la'asar a watan jiya, na tsaya ina duban abin da ya rage na ganuwa. Sai na tuna a cikin wannan ganuwa wani Bature ya yi zaman shekara 24 a gidan ƙasa irin waɗannan, yana sa riga da rawani, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Sunansa Walter Miller, amma mutanen Zazzau Likita Mila su ke ce da shi.

Abin da ya sa na ɗauko labarinsa, wata gardama ce da ta tashi tsakanin dattawan ekklesiyarmu. Ana shawara a kan kuɗin baiko, sai wani ya ce zaman sauƙi da tsimi duk abu ɗaya ne, wanda ya iya riƙe kuɗi shi ne ya guji duniya. Wani kuma ya ce a'a, shi ya san masu tsimi da yawa waɗanda duniya ta cika zuciyarsu fal. Aka tashi ba a daidaita ba. Ni kuwa na ga gara mu dubi mutum guda da irin zamansa, da mu yi ta jayayya a kan kalmomi.

Amma sai mu fara da waɗanda suka riga shi, gama a kan sawunsu ya taka.

A shekara ta 1890 waɗansu samarin Turawa na Mishan ɗin C.M.S. suka sauka Lakwaja da nufin kai Bishara ƙasar Hausa. Manyansu su ne Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Suka tuɓe tufafin Turawa, suka sa riguna irin namu, suna cin abincin ƙasa, suna kwana a ɗakunan ƙasa. Har suka ce ba su so gwamnatin Ingila ta tsare su, abin da zai sami Bahaushen da ya tuba, su ma ya same su. Ba shakka himmarsu ta gaskiya ce, sun kuma biya ta da ransu: Robinson ya rasu a 1891, Brooke a 1892, ba wanda ya ga Kano a cikinsu. Duk da haka akwai wani abu da ba shi da daɗin faɗi. Da suka dubi ma'aikata baƙar fata da ke aiki a bakin Kwara a ƙarƙashin Bishop Samuel Ajayi Crowther, sai suka ga kowa mai son duniya ne, wannan yana ciniki, wancan gidansa ya yi kyau. Su da abokansu suka sa aka kori waɗansu, aka dakatad da waɗansu, har da ɗan Bishop ɗin kansa, a wani taro da aka yi a Anaca a 1890. Tsohon nan wanda aka taɓa sayarwa bawa yana yaro, wanda ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki da Yarabanci, ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891 da baƙin ciki. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Mutum ya kan rage kayansa, girman kai ya shigo ya zauna a wurin da kayan suka bari.

Ɗan'uwan Robinson, watau Canon Charles Robinson, shi ya kai Kano a ƙarshen 1894. Ya koma ya rubuta labarin tafiyarsa, ya kuma shirya ƙamus na Hausa. Ta haka samari a Ingila suka ji labarin wata babbar al'umma mai birane da ganuwa da kasuwanni da malamai, wadda ba a taɓa karanta mata Linjila da harshenta ba yadda ya kamata. Walter Miller yana cikin waɗanda maganar ta kama.

An haife shi a 1872 a ƙasar Devon ta Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew a London. Saurayin da ya fito daga wannan asibiti a zamanin nan, hanyar arziki a buɗe ta ke gabansa: gida mai bene, keken doki, barori. Shi kuwa ya ba da kansa ga C.M.S. Kafin a bar shi ya zo ƙasarmu aka aike shi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, gama a lokacin akwai Hausawa da yawa can, fatake da bayi da maniyyata masu ƙetare hamada. A wurinsu ya fara koyon Hausa. A can kuma ya gamu da wani yaro, Abdul Majid, wanda ya fito daga ƙasar Hausa zai tafi Makka. Yaron ya sauke farali, daga baya ya komo wurin Likita, ya zama kamar ɗansa. Tun bai taka ƙasar Hausa ba ke nan ya soma abin da zai yi har tsufansa, watau ɗaukar 'ya'yan mutane.

A farkon 1900 suka tashi daga Ikko su biyar: Bishop Herbert Tugwell, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin, da Likita Mila. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa tukuna, babu mota. Tafiyar ta fi mil 600, kome kuwa sai a kan 'yan alaro. Kuɗin kasuwa wuri ne, sai an ƙirga fiye da dubu kafin a kai sule ɗaya, saboda haka ko kuɗin cefane ma kaya ne mai nauyi. Matafiyin wannan zamani ya san abin da mu muka manta: kowane abu da ka mallaka, akwai wuyan da zai ɗauke shi, akwai kuma cikin da za ka ciyar domin a ɗauka. Suka bi ta Zariya a zamanin Sarki Kwasau, suka isa Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka juyo suka zauna a Girku, kudu da Zariya. Nan Dudley Ryder ya rasu, ciwo ya kori Richardson zuwa gida, daga baya wuta ta cinye masaukinsu. Tafiyar da aka shirya da kuɗi da addu'a mai yawa, ga alama ta ƙare a toka.

Likita ya koma Ingila ya huta, ya sake dawowa. Kafin nan ƙasa ta juya. Turawa suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Gwamna Lugga ya san Mila, ya kuma mori Hausarsa wajen fassara. A 1905 aka yarda masa ya zauna a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi.

To, a nan ne labarin ya shafi gardamar dattawanmu.

Ku tuna yadda Turawan mulki su ke zama a lokacin. Tun da aka gane a 1897 sauro ne ke kawo zazzaɓi, sai suka ƙudura su zauna nesa da mutanen ƙasa. Har doka ta zo ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa. Razdan da Di'o suna can bariki, da kuku da boyi da mai doki da mai jan fanka, ana kawo musu abincin gwangwani daga Ingila. Ba na zarginsu duka, gama da yawa sun mutu da zazzaɓi, tsoronsu ba na banza ba ne. Amma ga wani Bature, likita ma, wanda ya fi su sanin abin da sauro ke yi, ya shiga tsakiyar birni ya zauna a gidan ƙasa, maƙwabtansa malamai da masaƙa da marina. Ya sa tufafin Hausawa. Mai ciwon ido da mai gyambo suna shigowa zaurensa ba sai sun bi ta hannun masinja ba. Manyan gwamnati da suka zo bayan Lugga ba su so wannan zama ba ko kaɗan, suka yi shekaru suna neman hanyar fitar da shi.

Mutanen Zariya kuwa suna da ma'aunin da su ke auna malami tun kafin zuwansa. Sanannen labari ne a ƙasar Hausa yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya zauna da tufafi kaɗan, yana tufka igiya domin ya ci daga guminsa, alhali sarakuna suna ƙarƙashin tutarsa. Malamai suna kiran wannan gudun duniya, suna kuma girmama mai yinsa. Saboda haka rigar da Likita ya sa ba ta isa ta ruɗe kowa ba. Abin da za a duba shi ne abin da ke shiga gidan da abin da ke fita.

Abin da ke shiga kaɗan ne. Albashin ɗan mishan bai kama ƙafar na Razdan ba. Likita bai yi aure ba har ya mutu. 'Yar'uwarsa Ethel ta zo ta yi aiki tare da shi a cikin mata da 'yan mata. Mutum ɗaya ba mata ba 'ya'ya, mai cin tuwo, mai kwana a ɗakin ƙasa, da tsimi kaɗai ya sa gaba, da ya tara abin da zai sayi gida mai lambu a Devon ya huta a ciki.

Amma gidan nan bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Akwai yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi, waɗanda ba su san garinsu ba balle iyayensu. Akwai waɗanda danginsu suka kore su saboda sun karɓi baftisma. Akwai 'yan makaranta. Duka suna ci suna sha suna kwana a wurinsa, ana koya musu karatun boko da lissafi da Turanci da Maganar Allah. Waɗansu har sunansa suka ɗauka, shi ya sa za ka ji Bahaushe ko ɗan Arewa ana ce da shi Miller har wa yau. Duk uban gida ya san lissafin nan: yaro guda mai tasowa, mudu nawa ya ke ci a wata, riga nawa ya ke yagawa a shekara, balle a ce goma ko ashirin. Ga kuɗin magani, ga allo da takarda, ga albashin malamai. Ba a riƙe irin wannan gida sai da tsimi mai tsanani, da roƙon abokai a Ingila, da ƙirga kwabo. Watau Likita ya yi tsimi, amma tsiminsa bara ne a gidan, ba shi ne maigida ba. Abin da aka hana wa tebur ɗin Bature, a kwanon yara ya ke ƙarewa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu masu rumbu. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, da yunwa ta zo ya buɗe, al'ummai suka rayu (Farawa 41). Mai arzikin nan na cikin misalin Ubangijinmu shi ma ya tara, har ya ƙudura zai rushe rumbunansa domin ya gina manya, a daren nan aka karɓi ransa (Luka 12). In ka tsaya a bakin gona da kaka kana kallonsu, ba za ka rarrabe su ba, dukansu ba su yarda ƙwaya ta faɗi ƙasa. Sai ranar da aka zo buga ƙofa. Kada kuma mu manta wanda ya yi gunaguni a kan man ƙanshin da Maryamu ta zuba a ƙafafun Yesu, ya ce ɓarna ce, shi ne mai riƙe da jakar kuɗi, yana kuwa sata daga ciki (Yohanna 12).

Bari in faɗi nawa, ko da ya ke da kunya. Sa'ad da na fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki aka tura ni wata ƙaramar ekklesiya a ƙauye. Na yi shekara uku da riga biyu, takalmina ya sha ɗinki har baduku ya gaji da ni. Jama'a suna yabona, suna cewa ga fasto wanda duniya ba ta dame shi ba. Ba su sani ba ina da asusu a ƙarƙashin gado, ina tarin kuɗin fili a gari, kowane dare kuwa sai na lissafta abin da ya rage. Ran nan wata gwauruwa ta zo ta durƙusa, ta ce, Fasto, kuɗin jarrabawar ɗana ne bai cika ba, jibi za a rufe. Na dubi tsohuwar rigata, na ce mata, Mama, ke ma kin ga yadda na ke. Ta ba ni haƙuri, ita ce ma ta yi mini addu'a. Yaron bai zauna jarrabawa ba a shekarar, ya tafi birni neman aikin ƙarfi, bai koma makaranta ba. Filin na saya. Ban taɓa wucewa ta gabansa ban tuna da yaron nan ba.

A cikin Turawa wanda aka fi ba da labarinsa a kan wannan shi ne John Wesley, wanda ya rayu daga 1703 zuwa 1791. Sa'ad da samunsa ya ke fam 30 a shekara, ya kan ci 28 ya ba da 2. Da ya zama 60 ya ci 28 ya ba da 32. Da ya kai 120 bai ƙara ko sule a kan 28 ɗin ba, ya ba da 92. Ya yi wasiyya matalauta shida su ɗauki gawarsa, a ba kowane fam guda. Abin da na ke so ku gani shi ne wanne ya fara yankewa: ya fara sanin abin da ya ishe shi, sa'an nan tsimi ya sami aikin yi. Ni da asusuna ban taɓa yanke abin da ya ishe ni ba, shi ya sa asusun bai taɓa cika ba.

Mu koma Zariya. A 1913 wani abu ya faru wanda ya faranta zuciyar Likita ƙwarai. Tun a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim, wanda ya yi ta nazarin abin da Alkur'ani ya faɗa a kan Annabi Isa, har ya tara almajirai masu ɗaukaka shi. Aka kashe shi a Kano, almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi, waɗansu ƙasar Zazzau. Ana ce da su Isawa. Zuriyarsu ce ta aiko wurin Likita tana neman a karanta mata Linjila. Da yawa suka ba da gaskiya, aka kafa musu ƙauye a Gimi, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka yi noma, suka gina ɗakin sujada da makaranta. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen. Mutane suka yi ta mutuwa har aka tashi daga wurin. Yaran da suka tsira, marayu da yawa a cikinsu, aka kawo su Zariya. Gidan da ya riga ya cika ya sake buɗe ƙofa. Mai tsimi don kansa, a irin wannan rana ya kan ce lissafi bai ba da hali ba, gaskiya kuwa zai faɗa.

Kada wani ya ɗauka ina zana waliyyi. Likita Mila mutum ne mai zafin rai, mai kaifin harshe, wanda in ya ga abu daidai ne ba ya jin kira. Ya yi faɗa da Razdan bayan Razdan, ya yi saɓani da abokan aikinsa na mishan. Tsakaninsa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi ruwa ya yi tsami ƙwarai. Ya yi ta kai ƙarar Sarki wurin gwamnati a kan zalunci da cinikin bayi, ƙararrakin nan kuwa suna cikin abin da ya sa aka tuɓe Sarkin wajen 1920, aka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Aliyu malami ne, mawaƙi kuma wanda har yanzu a ke karanta waƙoƙinsa, akwai Zazzagawa da yawa da ba su yafe wa Likita wannan ba. Shi yana ganin talakawa ya tsaya wa. Su kuwa suna ganin baƙo ne ya sa rigarsu, amma sa'ad da faɗa ya tashi ya jawo ƙarfin 'yan'uwansa masu bindiga. A ganina duka biyu akwai gaskiya a ciki. Brooke ya ce ba ya son kariyar Ingila. Mila ya rage ci da sha da sutura, amma bai ajiye wannan sanda ba, ita ce kuwa ta fi wuyar ajiyewa. Ina tsammani wannan yana cikin abin da ya sa, bayan shekara ashirin da 'yan kai a cikin birni, waɗanda suka karɓi baftisma daga mutanen birnin ba su da yawa.

A 1929 abin da ya daɗe yana ƙi ya tabbata. Mishan ya fita daga birni ya koma Wusasa, a gindin dutse, 'yan mil kaɗan daga ganuwa. Aka gina makaranta da asibiti, da ɗakin sujada na St. Bartholomew. Wannan ɗaki da ƙasa aka gina shi, ginin Hausa, da hannun magina na ƙasar nan. Wani zai ce don arha ne, gaskiya ne ƙasa ta fi siminti arha a lokacin. Amma wanda ya shiga ciki da rana tsaka ya ji sanyinsa, ya dubi bakan gizo na rufin, zai san ba rowa ce ta gina shi ba. An so Bahaushe ya shiga ya ji yana gida. Ina ma kwamitocin gine-ginenmu, masu cin bashi domin tayil da gilashi alhali mai bishararsu na ƙauye ya yi wata uku ba albashi, za su je su zauna a ciki ko na sa'a guda.

Likita bai zauna Wusasa ba. Ya bar aikin a hannun matasa irin su Guy Bullen, ya koma Kano domin ya gama babban aikin ransa. Tun farkon zuwansa ya ke juya littattafan Sabon Alkawari ɗaya bayan ɗaya. Wani Bajamushe, J. F. Schön, ya riga ya taɓa wannan aiki tun a ƙarni na 19, da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, amma a Ingila ya yi shi, nesa da bakin masu harshen. Mila ya yi nasa a zaure, a tsakiyar masu Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ma'aikatan S.I.M. da S.U.M. da sauran mishan sun sa hannu, malamai Hausawa da almajiransa kuma su ne su ke gyara masa magana, su ce Bahaushe ba ya faɗin haka. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Shi ne iyayenmu da kakanninmu suka karanta daga Sakkwato har Adamawa, daga Filato har Maraɗi, kusan shekara hamsin kafin a yi sabuwar fassara. Kabilu da yawa da ba su da Littafin da harshensu, da wannan suka san Almasihu.

A nan ma akwai abin lura. Mutumin da ke ƙirga kwabo a kan abincinsa ya kashe wajen shekara talatin a kan littafi ɗaya, ya kan yini a kan kalma guda. Wajen lokaci da ƙarfi da ido, almubazzari ne sosai. Abin da ya sa ya sami shekarun da zai zuba haka, ba shi da gona a wani wuri da zai je dubawa, ba shi da gidan haya, ba shi da bashin da ke hana shi barci.

'Ya'yan gidan nan da jikokinsa sun yi nisa. John Tafida, wanda ya taimaka wajen fassara, shi ne suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. R. A. B. Dikko ya tafi Birmingham ya zama likita na farko ɗan Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ishaya Audu, wanda mahaifinsa daga Isawa ya fito, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru, a Wusasa ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin ekklesiya ne. Ƙaramin ƙauye ne, amma da wuya ka sami wani kamarsa a Arewa wajen fid da masu ilmi. In ka bi sawun abin baya, za ka iske tukunyar tuwo a Durumin Maigarke.

Ya bar aikin C.M.S. a 1935, ya koma Ingila, ya buga littafin tunawa da aikinsa a 1936. Zama bai yi masa daɗi can ba. A 1939, yana da shekara 67, ya sake dawowa Nijeriya, ba a ƙarƙashin kowace mishan ba. Ya zauna a Bukuru kusa da Jos, yana koyarwa yana rubutu. Harshensa bai dakushe ba. A 1947 ya fid da wani littafi yana tambaya ko Turawa sun kāsa a Nijeriya, ya soki mulkinsu, ya soki cin hanci da danniya a hukumomin gargajiya, bai kuma ƙyale ekklesiya ba. Samarin Arewa masu neman canji, Musulmi da Krista, sun karanta shi.

Ya rasu a Bukuru a watan Agusta 1952, yana da shekara 80, shekara 52 bayan ranar da Sarki Alu ya sallame su daga Kano. Bai bar mata ba, bai bar ɗa na cikinsa ba. Ɗakin sujadar nan na ƙasa yana nan tsaye a Wusasa, ko da ya ke jama'a ta yi masa yawa, an gina wani babba a kusa da shi.